Rediyon da Mahaifiyata Ta Hana Ni Kunnawa

Shekarun baya, ina saurayi ina aiki a tashar jirgin ƙasa ta Minna, na yi wani aboki ɗan ƙabilar Ibo. Shi ya saka mini ciwon ƙwallo. A ɗakinsa, a rediyonsa, muka saurari gasar kofin duniya ta 1966, wadda ƙasashen Afirka suka yi fushi suka ƙi zuwa don an hana su gurbi nasu na kansu. Ya ce, "Bari kawai, ta gaba namu za su je, kuma a nan za mu ji."

Ba a daɗe ba gari ya rikice. Ranar da zai gudu ya zo gidanmu a Tudun Wada, ya miƙa wa mahaifiyata rediyon, ya ce, "Mama, ajiye mini." Ta naɗe shi a zani ta tura ƙarƙashin gado. Sai yaƙin basasa. Ko yana raye, ba mu sani ba.

Da aka zo gasar 1970 yaƙi ya ƙare, ga Maroko ta samu zuwa. Na dami tsohuwa.

"Inna, wasa ɗaya tak."

"Naka ne?"

"Haba Inna, mai shi fa..."

"Ƙarasa mana! Ranar da ka kunna shi, ka binne yaron nan ke nan. Ni ban binne shi ba."

Haka na ƙare a teburin mai shayi, ƙato da ni, ina leƙen rediyon wani ta bayan kafaɗun mutane. Wallahi na ji haushinta.

Da damina ta gaba sai ga sallama. Shi ne, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Mahaifiyata ta jawo ƙunshin ta kwance. Ashe batura na ciki tun ranar, sun narke sun cinye komai. Kunya ta rufe ta.

Ya yi dariya har hawaye, ya ce, "Mama, ba rediyo na zo karɓa ba. Tun daga tasha nake tsoron ko za a amsa mini sallama."

Yau su biyun duk sun rasu. Ina kallon ƙwallo a talabijin yadda na ga dama, amma har yanzu nakan tuna cewa ni da nake kiran kaina abokinsa na riga na fid da rai. Tsohuwar da ba ta san mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ita ce ta jira shi.