Wushiryar Uwar Yara

Shekara talatin da takwas Mai Haƙori ya yi a ɗan ɗakin bayan asibitin haƙori, yana ƙera hular tangaram da ake kifa wa haƙorin da ya lalace. Ba ya zaɓen launi sai a bakin taga, da hantsi. Yakan ce haƙori ba fari ba ne, kowanne da irin shekarun da ya sha.

Aikin da ya fi ji da shi yana bakin matarsa. Tun suna da ɗa ɗaya ta faɗi, haƙoranta biyu na gaba suka karye. Ya yi mata huluna, ya bar wushiryarta yadda Allah ya tsaga ta, don ita ya fara gani ranar da ya fara ganinta.

Bana hulunan suka tsage. Ya rantse shi zai sake su. Sau uku yana gwadawa, hannu na rawa, tangaram na zubewa kamar kunu.

"Malam," in ji matar, hannunta a baki, "wata biyu ke nan ina dariya a ɓoye kamar mara gaskiya. Ko sai ka ga na fara cin abinci da hanci?"

Autarsu ce ta kai ta wurin sabuwar likita, mai na'urar da ke ɗaukar hoton baki ta sassaƙa hula cikin awa guda. Shi kunya ta hana shi binsu. Ba wanda ya gaya wa likitar cewa wushiryar nan ado ce. Ta ɗauka gyara take jira, ta rufe ta.

Suka dawo da azahar, yana zaune a ƙofar ɗaki.

"Baba, ka ga ikon Allah!" in ji Auta. "Inna ta koma yarinya."

Uwar yara ta yi murmushi. Haƙora reras, sumul, ba ta inda iska za ta wuce. Ya duba da idon sana'a, ya nemi aibi ya rasa.

"Ya yi kyau?" ta tambaya.

"Ya yi. Ni ban iya haka ba."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta rufe leɓenta a hankali.

"To daina kallon bakina, Malam. Ni ce dai."

Ya ce to. Ya ɗaga ido zuwa nata, ya yi ƙoƙari ya tsaya a nan.