Akantar da Ta Ƙi Shafa wa Asusun Birni Hoda

Kafin masinja ya gama buɗe tagogin sashen kuɗi na hukumar birni, ta riga ta zauna. Takalmi a ƙarƙashin tebur, tabarau a kan hanci, fayil a gabanta. Mai Jan Biro ake ce mata, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata sunan ba. A watan nan za ta ajiye aiki, don haka ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu.

Wata shekara aka ce za a auna birane, a jera su daga mai ƙoshin aljihu zuwa wanda bashi ya yi wa katutu. Wanda ya zo sama shi zai samu rancen gina kasuwa. Magajin gari ya kira ta a gaban ma'aji da sakatare.

"Hajiya, bashin 'yan fansho da na 'yan kwangila, a tura shi lissafin baɗi. 'Yar kwalliya ce kawai."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, birnin nan ba shi da lafiya. Likita ya zo duba shi, kana so in shafa masa hoda?"

"So kike birnin maƙwabta ya yi mana dariya?"

"Su yi har haƙoransu su bushe. Hannuna dai ba zai hau wannan takarda ba."

Rahoto ba ya fita sai da sa hannunta, dole aka aika da na gaskiya. Birnin ya zo can ƙasa, rance ya tafi ga maƙwabta. Aka yanke mata alawus, aka mayar da ita ɗakin baya inda ake jibge karyayyun kujeru. 'Yarta ta ce, "Umma, ki je ki ba magajin gari haƙuri mana." Ta ce, "Haƙurin me? Ni na ciwo bashin?"

Ashe maƙwabta a kan ɓoyayyen bashi suka ɗora sabo. Ba a jima ba albashi ya tsaya musu, motocin shara suka kwanta, ginin kasuwar ya tsaya a linta. A nan kuwa, tunda asiri ya riga ya tonu, kansiloli suka haƙura da sababbin motoci, aka fara biyan tsofaffin ma'aikata kaɗan-kaɗan. Sai da aka canza magajin gari aka dawo da ita teburinta, kuma har yau babu wanda ya ce mata sannu.

To mu mun ce miki sannu. Ke ce kika zaɓi kunyar yini ɗaya a kan yunwar dubban gidaje. Ke ce aka tura cikin ƙura kika fito da mutuncinki. Mun gode, Hajiya, Allah ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, wata rana za a turo muku takarda ana murmushi. Ku karanta, ku mayar da ita yadda ta zo.