Abin da Malam Ya Ce a Utaibiyya

Talata: Kano zuwa Makka

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fita daga gida, an yi kiran farko ba a yi assalatu ba. Maigidana ne ya tuƙa ni zuwa filin jirgi, tafiyar minti ashirin. Sai da muka kusa ya ce, "Yanzu duk faɗin Makka ba a samu mai jin yaren nan ba, sai an ɗauko ki daga Kano?" Na ce masa masu ji suna nan, amma ba su Malam ya koyar ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Binta. Shekara ashirin da huɗu ina koyar da adabi da finafinan Sifaniyanci a jami'a, kuma har gobe dangina cewa suke aikina kallon fim. Wanda ya jefa ni a wannan hanya shi ne Malam Habu. Shi ya buɗe sashen, shi ya duba digirina na uku. Matarsa, marigayiya, haifaffiyar Makka ce, a can 'ya'yansu biyu suka tashi, Faisal da Nada. Da ya yi ritaya sai ya tattara ya koma wajensu.

Mako ɗaya kafin tafiyar nan Faisal ya kira ni. Ya ce ɓarin jikin Malam ya shanye, kuma da ya farfaɗo Hausa ta tafi, Larabci ya tafi, Turanci ya tafi, babu abin da ke fita daga bakinsa sai Sifaniyanci. Sun gwada fassarar waya, amma bakin ya karkace, shirme kawai take ba su. An kara masa waya mu yi magana, ya kawar da kai. Likitoci sun ce a mayar da shi gida a yi ta addu'a. Abin da suke so shi ne su ji me yake cewa kafin ya cika. Shi ke nan na nemi bizar Umara.

Jirgi ya tashi takwas da kwata. Muka yi awa huɗu da minti arba'in a sama, aka sanar da mikati, na yi niyya. Uku saura muka sauka Jidda da agogonsu, don sun riga mu da awa biyu. Layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu ya cinye awa ɗaya da rabi.

Direban da Faisal ya turo dattijo ne, Bahaushen Jarwal, wata tsohuwar unguwa a Makka, ana ce masa Abu Sale. Hausarsa ta Sakkwato ce, rabinta Larabci.

"Duktura ce ke? Ta mustashfa?"

"A'a, Baba, ba ta asibiti ba, ta jami'a. Sifaniyanci nake koyarwa."

"Yaren 'yan ƙwallo?"

"Shi."

Ya kalle ni ta madubi ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a," irin yadda ake faɗa wa mai jinya.

Daga filin jirgi zuwa Makka kilomita casa'in da 'yan kai ne. A shingen Shumaisi ɗan sanda ya leƙo, ya ga takarduna, ya ɗaga hannu muka wuce. Shida da kwata na ajiye jaka a masaukina da ke unguwar Aziziyya, ɗaki ƙarami mai tagar da ke kallon bangon maƙwabta. Na yi Umara bayan Magariba. Ba zan yi muku ƙarya ba, a ɗawafin ma Malam ne a raina.

Laraba: Utaibiyya

Tara na safe, bayan na karya da gurasar tamis da wake, Abu Sale ya kai ni Utaibiyya, unguwar su Faisal. Minti ashirin da biyar muka yi saboda cunkoso. Gidan a hawa na uku yake, a wani lungu da mota ba ta shiga. Faisal ya tare ni a ƙasa. Mutum ne mai kusan shekara arba'in da biyar, Hausarsa sai ya tsaya ya nemo ta.

Muna hawa ya ce, "Duktura, kalma ɗaya dai mun gane, alhamdu lillahi. Kullum Abuya yana kiran Nada." Abuya suke ce wa mahaifinsu.

Sai ya ba ni labarin da ban sani ba. Lokacin da za a rushe gidansu na Jarwal, shekara tara da suka wuce, Malam yana Kano bai gama tattarowa ba, amma ya riga ya aiko da kwalaye goma sha ɗaya. Kwana kaɗan aka ba su su tashi. Nada ta buɗe biyu, ta ga tsofaffin kaset na fim da takardu cikin yaren da ba ta sani ba, ta bar su duka a bakin bola. A cikinsu akwai littafin da Malam ya yi shekara talatin yana rubutawa da hannu a kan finafinan ƙasashen Sifaniyanci, wanda duk mu ɗalibansa muke jira. Ni kuwa Malam ya ce min ruwa ne ya lalata shi. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunanta ba, in ta gaishe shi bango yake kallo.

"Dahin kuma," in ji Faisal, wato yanzu, "ba ya faɗin komai sai sunanta. Kwana goma sha biyu tana gefensa, ta bar mijinta da yara a Jidda."

Muka ƙarasa hawa, muka shiga ɗakin.

Malam ya rame ƙwarai. Nada na zaune a bakin gadon, siririyar mace mai idon ubanta, da kofin ruwan zamzam da cokali. Ta kai cokalin bakinsa, ya kawar da kai ya ce, "Nada, nada."

"Na'am, Abuya. Ga ni."

Nan take na gane. A Larabci Nada raɓa ce, mahaifiyarta ce ta zaɓa mata sunan. A Sifaniyanci kuwa nada na nufin ba komai. Cewa yake ba ya son komai, a ƙyale shi. Kwana goma sha biyu baiwar Allah tana amsa kiran da ba a yi mata ba.

Na durƙusa na gaishe shi da Sifaniyanci. Idonsa ya buɗe sosai. Ya ce na makara, in ja labule, za a kunna majigi. Ashe a aji yake. Na tashi na ja labulen. Ya tambaye ni ɗalibai nawa suka rage a sashen. Na ce uku.

"Da biyu na fara," ya ce. "Ke ce ta biyun, kuma ba ki iya jan harafin ra ba."

Dariya ta ƙwace min, hawaye suka biyo ta. Na fassara musu duk wannan kalma da kalma. Faisal ya yi ta kabbara a hankali, don dangi sun fara cewa aljani ne ya shige shi, har an kawo mai ruƙiyya sau biyu. Maganar nada kaɗai na riƙe. Da rana aka kawo shinkafar kabsa, na ci loma uku na ce na ƙoshi.

Alhamis: Utaibiyya

Goma na safe na koma. Nada ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Yaya Binta, sunana na ji shi. Amma ina so ya faɗa da bakinsa. Ki tambaye shi ko ya yafe min. Wallahi ban san mene ne a kwalayen ba. Da ya taɓa zaunar da ni ya koya min ko harafi ɗaya, da na sani."

Nan ta faɗi gaskiya, kuma ta yi min ciwo. Malam ya koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar, nasa kuwa sau ɗaya yake ganinsu a shekara.

Muka shiga. Ta ajiye wayarta a kan matashin, ta kama hannunsa mai lafiya. Ban ma fara ba ya riga ni. Ya ce, "Wace ce wannan matar? Hannunta da taushi. Ba ta gajiya da ni. Allah Ya yi mata albarka."

Na ce, "Malam, 'yarka ce, Nada."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ce, "A'a. 'Yata ta zubar da shekaruna talatin a bola. Wannan mutuniyar kirki ce."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye masa ba. Da Sifaniyanci na ce masa ita ce, ta bar gidanta saboda shi, takarda takarda ce, kuma shi ma yana gab da tsayawa inda zai nemi a yafe masa. Ban taɓa ɗaga wa Malam murya ba sai ranar. Na ce, "Me zan faɗa mata?"

Ya rufe ido ya ce, "Nada."

Ba komai. Kada in faɗa mata komai.

Ina aji uku Malam ya taɓa kayar da ni a jarrabawar fassara, saboda na sassauta wani zagi da wata tsohuwa ta yi a fim. Ya rubuta min da jan biro cewa mai fassara ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya jin kunya a madadin wani. Da wannan nake buɗe ajina duk shekara. Ga shi yanzu Nada ta zuba min ido.

Na ce, "Ya ce hannunki da taushi, ba kya gajiya da shi. Ya ce Allah Ya yi miki albarka."

"Sauran fa? Kun daɗe kuna magana."

"Tsohon zancen makaranta ne."

"Ya yafe?"

"Kin ji da kunnenki kalmar da ya rufe da ita."

Ta kifa kanta a kan hannunsa tana kuka tana godiya ga Allah. Na fita na tsaya a kan matakala. Na yi ragi, na yi ƙari, kuma a Makka na yi su.

Juma'a zuwa Lahadi

Malam ya cika ranar Juma'a, sha ɗaya saura minti ashirin na safe. Ina wajen. Na yi ta nanata masa kalmar shahada, leɓensa ya motsa, amma ba zan rantse da abin da ya faɗa ba. An yi masa salla a Harami bayan La'asar tare da wasu gawarwaki shida. Maza suka wuce da shi maƙabartar Shara'i, kimanin kilomita ashirin, mu mata muka koma gida.

Zaman makoki a nan kwana uku ne, daga Magariba zuwa Isha, ana zagayawa da gahawa da dabino. Duk matar da ta shigo sai Nada ta nuna ni ta ce, "Ga wadda ta kawo min yafiyar Abuya." Tsofaffin Jarwal suka yi ta sa min albarka, wata har ta ba ni turare. Ban taɓa jin nauyin addu'a irin na kwanakin nan ba. Na so in faɗa wa Faisal, na ga shi ma da wannan maganar yake rarrashin kansa, sai na haɗiye.

Litinin: Makka zuwa Kano

Bakwai na safe Abu Sale ya zo. Na yi ɗawafin bankwana tun bayan Asuba. Ina saka jaka a mota sai ga Nada ta sauko daga tasi, ta ce ba za ta bari in tafi ba mu yi sallama ba. Ta ciro wayarta ta danna. Muryar Malam ta fito, da tawa, tun daga "wace ce wannan matar" har ƙarshe. Ashe da ta ajiye wayar a kan matashi ɗauka take yi.

"Kullum sai na saurara," ta ce. "Amma ba na so in yi ta ji ta bakin wani. Yaya Binta, ki koya min yaren nan. Ko shekara nawa zai ɗauka. Na zubar masa da littafi don ban iya ba, ba zan zubar da wannan ba."

Na buɗe baki in ce yaren da wuya, in ce ba ni da lokaci. Shekara ashirin da huɗu ina roƙon ɗalibai su shigo sashen nan, ban taɓa korar ko ɗaya ba. Na ce mata to.

A hanyar Jidda Abu Sale ya yi ta hira ban san me yake cewa ba. Jirgi ya tashi ɗaya da rabi, muka sauka Kano huɗu da 'yan mintuna da agogon gida. Maigidana ya tambaye ni yaya hanya, na ce lafiya. Shida saura kwata na shiga gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa Faisal da iyalinsa, da Abu Sale da ya yi ta jigila da ni, da abokan aikina da suka riƙe min ɗalibaina uku. Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa, Ya yafe min.

Ɗalibaina yanzu huɗu ne. Mun sa Asabar mai zuwa za mu fara da Nada ta waya, da takardun koyon farko da Malam ya rubuta mana da hannunsa. Jiya na ciro su na duba. Kalmar nada tana shafi na huɗu.