Ranar da Gwaggo Ta Yi Shanya a Waje

Shekara goma sha tara Gwaggo tana wankin kayan mutane a bayan masana'antar siminti. A ɗaki take shanya, kan igiya uku, saboda ƙurar da ke sauka.

Da aka ce an kawo injin da zai kama hayaƙin ya binne shi a ƙarƙashin ƙasa, sai ta karɓo zanen gado sittin daga wani otal. Ni na ɗaura mata igiya tara a tsakar gida. Ran da aka kunna injin ta baza su a rana, kafin awa biyu duk sun koma ruwan toka.

Muka tare injiniyan a bakin ƙofa, raina yana tafasa. Ya ce, "Baba, iskar da ke ɗumama duniya muke kamawa, ba ƙura ba."

Gwaggo ta ce, "To ɗan nan, mu da ke jikin katangarku, a wace duniyar muke?"

Ya ce a rubuto takarda. Na rubuta guda bakwai, ko ɗaya ba a amsa ba. Otal ɗin kuwa bai sake aiko mata ko tawul ba.