Jirgin da Muka Tuƙa a Kan Tebur

Da na aje alli, mutane sun zaci zan zauna ƙofar gida in riƙa gyara wa rediyo Faransanci. Sai na shiga waƙa. Mu uku muka fara: ni, da wata majo, wato ma'aikaciyar jinya, ƴar Maraɗi da muke rera waƙa tare a majami'a, da wani Alhaji mai sayar da atamfa a Maourey, wanda Allah ya ba hannun kiɗan ƙwarya ya hana shi murya. Waƙoƙin masu kwalekwale muke yi. Tun da jirage suka samu inji ba wanda ke buƙatar amshi don daidaita filafili, saboda haka muka je Tondibiya muka kwaso abin da ya rage a bakin tsofaffi, rabi Zabarmanci rabi Hausa.

Wurinmu wani maki ne, gidan cin abinci da shan giya, a bakin kogi wajen Saga, kowace Asabar da la'asar. Alhaji zoɓo yake sha, yana juya wa kwalabe baya kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Tsofaffin sun ba mu doka biyu. Waƙar jirgi ba ta da ƴan kallo: duk wanda ke ciki yana tuƙi, don haka kowa zai doki tebur ya amsa. Kuma waƙa ba ta ƙarewa sai mai jirgi ya rera baitin sauka da bakinsa.

Mai jirginmu shi ne mai makin, tsohon ɗalibina. Tun yana aji, in ana waƙa baki kawai yake motsawa kamar kifi. Muka yi masa rangwame: in ya gaji da mu sai ya buga mabuɗin kwalba a faranti, mu ɗauka ya rera.

Wata Asabar muka tarar da tele ƙato a rataye daidai inda majo ke tsayawa. Samari sun cika kujeru suna jiran ƙwallo. Mai makin ya zo yana sosa ƙeya, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, ku yi haƙuri. Daga yau Asabar ta ƙwallo ce. Ku yi guda ta bankwana kafin a fara."

"Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya, Mushe."

Majo ta ce, "To, ɗana, mu dai an koya mana biyayya." Ta ɗauko waƙar haye kogi lokacin cikowa, wadda baitinta ba ya ƙarewa domin mai bayarwa ƙirƙira yake yi da duk abin da idonsa ya gani. Amshin kalma uku ne: ja ruwa, ja.

Ta fara da telen, ta ce an rataye shi kamar surukin da ba a gayyata ba. Ta koma kan wani saurayi mai rigar ƙwallo, ta ce tumbinsa ya riga shi shiga fili. Abokansa suka fashe da dariya, suka doki tebur don su ƙara masa haushi. Wanda ya doki tebur kuwa ya shiga jirgi. Kafin a busa usur rabin makin na amsawa.

Mai gida ya buga faranti. Muka ci gaba. Ya sake bugawa, ya ƙara muryar tele. Alhaji ya ƙara nauyin hannu, bai ko ɗaga kai ba.

Ya zo kunnena. "Mushe, don Allah! Na buga fa."

"Na ji. Rangwamen na masu Asabar ne. Tunda ka karɓe ta, mun koma doka. Rera."

"Mushe, ka san ba ni da murya."

"Ni na fi kowa sani. Alhaji ma ba shi da ita, ga shi yana raye."

Majo ta jiyo mu, ta saka shi a baiti: mai jirgi ya ga gaɓa, kunya ta hana shi sauka. Samarin suka juya masa gaba ɗaya suna ja ruwa, ja. A tele an ci ƙwallo, mutum biyu ne suka lura.

Ya tsaya tsakiyar makinsa da faranti a hannu, ya rufe ido, ya rera: ga gaɓa, ku aje filafili. Ban taɓa jin baitin ya sha wuya haka ba. Amma doka ba ta ce a yi daɗi ba. Hannuwa suka tsaya lokaci guda, har muka ji ruwa na bugun jiragen da ke ɗaure ƙasa.

Saurayin mai tumbi ya ce wa mai gida, "Patoro, Asabar mai zuwa ma akwai? Ina da ramuwa a kan Mama."

Mai gida ya dube ni, ya dubi telensa. "Ku zo da wuri, Mushe. In an busa usur ku sauka."

"Kai ne mai saukewa," na ce.

Har yau Asabar tamu ce zuwa usur, wani lokaci har bayansa, gwargwadon yadda kunyarsa ta tashi a ranar. Muryarsa ba ta gyaru ba. Faranti dai ba mu sake karɓa ba.