Kwalbar Teku a Jeren Rekiya

Duk Tamawa babu wanda ya san Ikko kamar Rekiya, ga shi kuwa ko Funtuwa ba ta taɓa takawa ba. Ni Sauda, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara da shekaru, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Mijinta Yero ɗan koren shanu ne. Fatake su sayi shanu a Dutsin-Ma da kewaye, shi da abokan aikinsa su kora su da ƙafa har kurmi. Dogo ne, marar magana, ga kunya irin ta Fulani: tun da aka kawo Rekiya gidansa bai taɓa kama sunanta ba. "Ke" yake ce mata, in an yi baƙi kuma "mai ɗakin nan". Ita ta ce ba ta damu ba. Ni dai ban yarda ba.

A tafiyarsa ta farko, wajen 1952, da suka miƙa shanu a Agege, can Ikko, abokai suka ja shi bakin teku, inda mutanen birni ke zuwa shan iska. Ku tuna mutum ne da ya tashi yana tonon rairayin rafi da rani don shanu su samu na jiƙa maƙoshi. Da ya ga ruwa ba iyaka, bai kula da jirage ba, bai kula da masu wanka ba, shanu kawai ya tuna. Ya shiga tambaya ina sarkin ruwan wurin yake, zai nemi izinin kawo garke cin rani. Sannan ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kamfata ya kai baki. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Shi ba dariyar ce ta dame shi ba. Wannan ruwa duka, a ce ko maraƙi ba zai sha ba! Ya samo kwalbar lemo ya cika, ya liƙe bakin da danƙo, don ya kawo shaida gida.

Shaidar ba ta yi amfani ba, don Rekiya ta karɓe ta ɗora a jerenta, tsakanin ƙorai da kwanoni. Abin da ya hau jeren mace kuwa ya gama aiki, sai kallo. Mai unguwa da kansa ya aiko a sam masa ya ɗanɗana, ta ce a gaishe shi.

Daga nan kowace tafiya da tsarabarta. Ƙatuwar katantanwar teku. Mafici mai sunan wani otal. Kati mai hoton Turawa kwance a rairayi, an shanya su kamar barkono, wanda take kifewa in malami zai shigo. Shekarar 'yancin kai ya kawo faranti mai tuta kore da fari. Daga baya wani katin ya zo, ta haɗa shi da na farko ta tara mu.

"Ku duba da kyau," in ji ta. "Itatuwan kwakwar nan an sare su, ga bene a wurin. Waɗanga na ƙarƙashin laima kuwa yanzu baƙar fata ne irinmu."

Haka take ba mu labarin garin, abu bayan abu, har takan gyara wa samarin da suka je da ƙafarsu. Nakan ce mata, "Ke da ko rijiya ba ki iya leƙawa, ina ke ina teku?" Sai ta ce maigidanta ya yi mata alkawari, baɗi.

Baɗin bai zo ba. Jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace aikin kora, yaƙin basasa ya taso, hanya ta yi wuya. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Yero, ya tafi da tunaninsa. Rekiya ta ba shi fura, ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Ɗiyar wa ce ke?" Wannan tambayar ta fi ciwon cin ta. Ta ce mini, "Sauda, ba mutuwar nike tsoro ba, kowa da ranarsa. Kada dai ya tafi yana zaton baƙuwa ce ta yi jinyarsa."

Wata rana da hantsi na shiga na tarar da abin da ban taɓa gani ba: Rekiya ta sauke jere. Ta sa masa katantanwar a hannu, ya sake ta. Ta nuna masa katin Turawa, ya kau da kai. Da ta miƙa farantin, sai ya zauna jiran tuwo. Wallahi tausayinta ya kama ni, na ce ta bari haka nan. Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗauko kwalbar, ta kankare danƙon da wuƙa, ta tsiyaya a ludayi, ta yi bisimilla ta kai masa baki.

Ya kurɓa. Fuska ta yamutse, ya tofar. Ya daɗe yana kallon ludayin, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Rekiya," ya ce, "kin buɗe kwalbar? To kada ki ba shanun, ba su sha."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta ce ba za ta ba su ba.

Bai daɗe ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Da aka share makoki na taya ta mai da jere. Ta liƙe kwalbar da sabon danƙo, ta ɗaga ta tana duban ragowar ruwan.

"Shekara talatin yana ce mini ke," in ji ta. "Da na san sunana na cikin kwalbar nan, Sauda, ai da tuni na buɗe."