Ranar da Aka Miƙa wa Koci Shebur

Ko tsufa ya kwashe min duk abin da ke kaina, ba na jin zan manta da ranar da manyan unguwarmu suka tashi karrama tsohon kocinmu na ƙwallon ƙafa. Na halarci taruka iri-iri a Kumasi, na aure da na suna da na siyasa, amma ban taɓa ganin inda aka yabi mutum har aka kusa yi masa ƙwace da rana tsaka, jama'a na tafi, sai a wannan rana.

Bari in fara gaya muku ko wane ne shi. Koci muke ce masa, mu da iyayenmu da 'ya'yanmu, har matarsa ma haka take kiransa. Shi ya horar da ƙungiyar kwalejin horon malamai da na yi, tun gashinsa na baƙi har ya yi fari ya ajiye aiki. Ni ɗan baya ne a ƙungiyar, kuma ihun da ya yi min a shekarun nan ya ishi mutum biyu. Amma ba don kofunan da ya ciyo wa kwalejin mutanen unguwarmu ta Aboabo suke tashi tsaye idan ya zo wucewa ba. Akwai wani wuri a bayan unguwar wanda a da bola ce, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Shi ya riƙa kwaso mu daga kwaleji ranar Asabar, muna kwashe shara muna baje ƙasa, muna zaginsa a zuci, har wurin ya zama filin wasa. A nan yake koya wa yaran unguwa ƙwallo kyauta, maza da mata. Shi ke bin tsofaffin 'yan wasa gida-gida yana karɓo takalman da suka daina sawa ya raba wa marasa shi. In kuma aka ce wata mai haihuwa na neman jini a asibiti, sai ya cika motar haya ta trotro da mu, ya tsaya a kanmu har kowa ya miƙa hannu. Akwai mutanen da ke yawo a Zongo yau da jinin 'yan ƙungiyarmu a jikinsu, ba su ma sani ba.

Shekaru suka wuce da ritayarsa babu wanda ya tuna da zancen karramawa. Kwatsam sai wani tsohon abokin karatunmu, wanda ya zama babban ɗan kwangila mai shaguna a Adum, ya farka da matsananciyar ƙaunar Koci. Ya kira taro, ya kafa kwamiti, kwamitin ya zaɓe shi shugaba ba hamayya, tun da shi ya sayi lemon da aka sha. Daga ranar kowa ya koma kiransa Alhaji Ciyaman. Shi ma ɗan ƙungiyarmu ne a da, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sai dai duk zamanmu a kwaleji rigarsa ba ta taɓa sanin gumi ba. Benci ya tsare, ya kuma tsare shi da amana.

Ni aikin da aka ba ni shi ne in rako Koci daga gida. An ce mota za ta zo ta ɗauke mu. Muka zauna a ƙofar gida, shi da matarsa da muke kira Mma da ni, har rana ta fara cizo. Da na buga waya sai aka ce min motar ta tafi ɗauko babban baƙo, wani ɗan siyasa da ake ce wa Honorabul, wanda motocinsa ba sa ƙirguwa. Na tsayar da tasi.

A hanya Mma ta ce, "Ni dai wannan taron bai kwanta min ba. Yaron da ko Sallah ba ya zuwa gaishe ka, yau shi ne da kanofi?"

Koci ya ce, "Hajiya, ki kyautata zato. Wataƙila shiriya ce ta zo masa."

"Yoo," in ji ta, ta juya tana kallon taga.

Filin ya cika maƙil. An kafa kanofi, an ɗaure lasifika, masu waken shinkafa da masu sobolo, wato zoɓo, sun jeru ta gefe, yara sun ɗare katanga. A bakin shiga an rataye wani ƙaton ƙyalle mai hotuna. Hoton Alhaji Ciyaman ya kai tsayin ƙofa, yana murmushi da agogonsa a waje. Na Honorabul na biye da shi. Can ƙasa a kusurwa, in ka matsa kusa ka kuma ƙanƙance ido, za ka ga Koci, kamar hoton fasfo. A ƙarƙashin kanofi an jera kujerun kushin guda-guda na manya, shi kuwa wanda aka tara mu dominsa an ajiye masa kujerar roba a ƙarshen layi, daidai inda inuwa ta ƙare. Na ja ta ciki da ƙafata, wani ɗan kwamiti ya harare ni kamar na taɓa kayan gadonsu.

Aka buɗe da addu'a, aka shiga jawabai. Honorabul ya tashi, ya gyara babbar rigarsa, ya ce tun yana yaro yake jin labarin wannan bawan Allah, kuma da ya ji an gayyace shi bai iya barci ba. Ya yi bayanin kwalbatin da ya gina, da fitilun da zai kawo. Sannan ya sassauta murya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Allah ya ji ƙan marigayi, ya sa Aljanna ce makomarsa."

Wasu daga baya har sun ce amin. Koci ya ɗaga hannu daga kujerarsa ta roba ya ce, "Honorabul, ina nan tukuna."

Dariya ta ɓarke har masu sobolo. Honorabul bai ko girgiza ba. Ya ce ai addu'a ba ta tsufa, ya ci gaba da zancen fitilu.

Sai Alhaji Ciyaman. Ya ba da labarin yadda Koci ya ɗauke shi kamar ɗa, da yadda a wani wasan ƙarshe ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo a raga, Koci ya rungume shi yana kuka. Mu tsofaffin 'yan wasa muka dubi juna. Golanmu na da, wanda yanzu direba ne a tashar Kejetia, ya raɗa min, "Cale, abokina, kai ka ga wannan wasan? Ko ranar muna asibiti ba da jini?" Aka kawo kyauta: rigar batakari da za ta ɗauki Koci da Mma a tare, da wani allon yabo mai gilashi wanda sunayen 'yan kwamiti suka cinye rabinsa.

Har nan abin na dariya ne, kuma da a nan aka tsaya da mun ci waken shinkafarmu mun watse. Amma a tsakiyar fili akwai wani abu dogo da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Alhaji Ciyaman ya ce yanzu za a ga babbar kyautar da za ta sa sunan Koci ya dawwama. Aka buga ganga, aka janye ƙyallen. Sai ga allo mai zanen bene hawa-hawa, shaguna reras sama da ƙasa, har da motoci a gaba, an rubuta sunan Koci a goshin ginin da manyan haruffa. Mutane suka fara tafi, don zanen ya yi kyau ƙwarai. Sai da tafin ya lafa wata mai waken shinkafa ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, a ina za a gina shi?"

Ya ce, "A nan mana."

Daga baya muka san sauran zancen. Filin amana ce a hannun dattawan unguwa, kuma Alhaji Ciyaman ya daɗe yana zarya wurinsu. Sun ce masa su ba za su ba da wurin ba sai in Koci da kansa ya yarda, tun da shi ya raya shi. Ya san in ya je gidan Koci ya tambaya, ko ruwa ba zai gama sha ba za a raka shi ƙofa. Shi ne ya yi dabarar tara jama'a, a yabi tsoho har kunya ta ɗaure shi, a miƙa masa shebur ya sari ƙasa a gaban masu ɗaukar hoto. Hoton nan shi ne yardar. Kanofi da ganga da batakari duk kuɗin hoto ɗaya ne.

Aka kawo sabon shebur an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Na ji Mma tana salati a bayana. Na sunkuya na ce, "Baba Koci, kada ka karɓa. Mu tafi gida."

Bai ko dube ni ba. Ya miƙe da ƙyar, don gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, ya karɓi shebur ɗin, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa bakinsa da yatsa. Na san shi da kunya a gaban mutane, ban kuma taɓa ganin ya mayar wa wani kyauta ba. Alhaji Ciyaman ya nuna masa inda aka zana da farin fenti, masu hoto suka durƙusa.

Koci ya wuce wurin fentin kamar bai gani ba. Ya ci gaba da ɗingishi, a hankali, har bakin raga ta gabas. Masu hoto suka bi shi, mai ganga ma ya bi shi, don ba wanda ya ce masa ya tsaya. A gaban ragar akwai wani rami da ruwan sama ya ci, wanda ya sha gurɗe ƙafar yara. Koci ya naɗe hannun riga, ya ɗebo ƙasa daga gefe ya zuba a ramin. Ya sake ɗebowa. Ya tattake da ƙafarsa mai lafiya. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar shebur.

Da ya gama ya yafito mai riƙe da makirufo. Yana haki ya ce, "Alhaji, Allah ya yi maka albarka. Tun damina nake neman aron shebur." Ya numfasa. "Na gode da riga, na gode da allo. Ginin nan kuwa ya yi kyau paa, ƙwarai da gaske. Ka kai shi Adum ka sa sunanka, ya fi dacewa da shi. Nan wurin yara ne. Ban yarda ba, kuma dattawa ga ku nan zaune, kun ji da kunnenku."

Ban san wa ya fara ba, amma na san matan ne suka ɗauka. Guɗa ta tashi daga wajen masu abinci, yara suka diro daga katanga, wani ya wurgo ƙwallo cikin fili. Alhaji Ciyaman ya matso yana cewa, "Baba, ba ka gane ba ne, ci gaba ne, ai za mu nema wa yaran wani wuri."

Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, bar wannan. Na ji ka ce ka taɓa yanke mutum uku. Tsufa ya sa na manta. Cire takalmi ka tuna min."

Haka aka yi wasan da ba ya cikin tsarin taro, tsofaffin 'yan kwaleji da yaran unguwa. Muka shiga da tumbinmu da kaftaninmu, muna gudu kamar masu ɗauke da buhu. Alhaji Ciyaman dai waya ta kama shi a daidai lokacin, wata waya mai muhimmanci da ta kai shi har cikin motarsa. Yaran suka yi mana cin da har yau ba ma faɗar adadinsa. Wata yarinya ta zura min ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, Koci na gefe yana min ihu kamar ina ɗan shekara ashirin.

Honorabul kuwa, da ya ga inda jama'a suka karkata, sai ya karɓi makirufo ya sanar cewa shi dama tun farko bai goyi bayan ginin ba, kuma muddin yana raye ba mai taɓa filin nan. Aka yi masa tafi. Mutumin da ɗazu ya binne Koci da ransa, shi ya tafi gida a matsayin wanda ya ceci fili.

Zancen bai mutu nan take ba. An yi ta kai da kawowa wurin dattawa, har aka wayi gari an dasa wasu shagunan kwantena biyu a gefen kudu, waɗanda ba wanda ya san mai su, duk da kowa ya san mai su. Amma filin na nan. Alhaji Ciyaman ya daina amsa sallamata na tsawon lokaci, abin da na jure da haƙuri mai ban mamaki. Kwamitin karramawa bai sake zama ba, ƙaunar ta koma inda ta fito.

Mu da muka sha kunya a hannun yara muka raba Asabar a tsakaninmu, muna zuwa taya Koci horo, don gwiwar ta kai inda sai dai ya zauna ya ba da umarni. Haka muka yi har Allah ya karɓi ransa bayan wasu shekaru. Ba a kafa kanofi ba ranar jana'izarsa, ba a yi jawabi ba, amma sahu ya fita har titi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga an tashi yabon mutum da ƙarfi fiye da kima, ka saurari yabon da kunne ɗaya, ka sa ido ka ga me ake son ya sake daga hannunsa. Wanda kuma yake son ya girmama mutumin kirki da gaske, ba sai ya tara jama'a ba. Ya je ya tambaye shi wane aiki ne ya fara yi masa nauyi, ya kama masa tun yana da rai.